Rigger 5.0: littafin direbobin Shadowrun, da batun shiga gari da haramtacciyar mota

A teburin Shadowrun, wasan tebur da kowane ɗan wasa ke ɗaukar matsayin wani mutum a cikin labari, akwai gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin direba da jagoran wasa, wato mai tafiyar da labarin. Direba ya zuba rabin dukiyarsa a mota, ya ƙara mata sulke, ya girka mata bindiga a rufi, sai a zaman farko jagora ya ce masa ga motar sintiri nan a bayansa tana kunna fitila. Direba ya ce ana yi masa mugunta, jagora ya ce ai ba a makance ƴan sandan Seattle suke ba. Da yawan masu sayen Rigger 5.0 suna saye ne da fatan littafin zai raba wannan gardama. Ya raba rabinta, sauran rabin kuma ya bar wa tebur, kuma yana da kyau mai saye ya san wanne ne wanne kafin ya fitar da kuɗinsa.

Littafin na kamfanin Catalyst Game Labs ne, ya fito a ƙarshen 2015 a matsayin ƙari ga bugu na biyar na Shadowrun, wanda shi kuma ya fito a 2013. Da Turanci yake, kuma ba ya tsayawa da ƙafarsa, sai da babban littafin dokoki. Wasan kansa tun 1989 yake, labarinsa a wannan bugu yana faruwa ne a wajajen 2075, ana jefa ƴaƴan lido masu fuska shida, duk wanda ya nuna 5 ko 6 an ci ɗaya. Wanda wasan ke kira rigger shi ne direban da ke jona ƙwaƙwalwarsa da mota har ya ji tayoyi kamar ƙafafunsa. Mafi yawan shafukan littafin jerin motoci ne da babura da jiragen ruwa da na sama da na'urori marasa matuƙa, sai babin tsere, sai babin gyare-gyare. Ga mai son shiga gari da motar da doka ba ta yarda da ita ba, babin gyare-gyaren nan shi ne littafin.

Amma kafin a buɗe shi sai an fahimci haruffa biyu da ke babban littafi, domin duk maganar a kansu take. Kowane kaya yana da makin wuyar samu. Idan makin ba shi da harafi a jikinsa, halal ne ga kowa. Idan yana da R, ana mallakarsa da lasisi, kuma lasisin bogi ma yana aiki muddin ba a gano shi ba. Idan yana da F, babu takardar da za ta halatta shi ga mutumin gari, komai kyawunta. Sababbin ƴan wasa sukan yi zaton lasisin bogi mai tsada zai rufe komai. Ba ya rufewa. Kayan R ana kare shi da takarda, kayan F ana kare shi da ɓoyo, kuma duk wanda ya gauraya waɗannan biyu shi ne wanda ake kwashe wa mota a zaman farko.

Ga inda abin ke cizo. Bindigar AK-97 a wasan 4R ce, kuɗinta nuyen 950 (nuyen shi ne kuɗin duniyar wasan), da lasisi za ka iya ajiye ta a mota. Amma magirkin da za ka ɗora ta a jikin mota, a babban littafi, 8F ne a kan nuyen 2,500, babbansa kuma 14F a kan nuyen 5,000. Ke nan bindigar da ke hannunka da takarda ta zama laifi da zarar ka ɗaure ta a rufin mota. Babban littafi bai ba da wata dabara a kan wannan ba, ya dai ce mota tana ɗaukar magirki ɗaya a kan kowane maki uku na ƙarfin jikinta. Rigger 5.0 ne ya warware magirkin gida-gida: ka zaɓi girmansa, ƙarami ko matsakaici ko babba; ka zaɓi ko yana waje kowa na gani, ko yana ciki yana fitowa, ko ɓoyayye ne ƙwarai; ka zaɓi ko a kafe yake, ko yana ɗan juyawa, ko mai zagayawa ne gaba ɗaya; sannan ka zaɓi ko da hannu ake harbi ko daga nesa. Ɓoyayyen ya fi cin kuɗi da gurbi da wuyar samu, kuma har yanzu F ne. Abin da ka saya da ƙarin kuɗin shi ne ɗan sandan da ke tsaye a bakin titi ba zai gan shi ba. Wannan zaɓi kaɗai ya isa dalilin sayen littafin ga direban da ke aiki a cikin gari.

Tsarin gurabe shi ne abu na biyu mai kyau. An raba mota kashi shida: inji da tafiya, kariya, makamai, gangar jiki, kayan lantarki, da ado. Kowane kashi yana da gurabe daidai da makin ƙarfin jikin motar. GMC Bulldog mai ƙarfin jiki 16 tana da gurabe 16 a kowane kashi, Ford Americar mai 11 tana da 11. Amfanin wannan shi ne ma'ajin fasa-ƙwauri ba ya cinye wurin sulke, sulke kuma ba ya cinye wurin bindiga. Sulken ma iri biyu ne, na fili mai araha da ɓoyayye mai tsada. Mu a ganinmu na filin asarar kuɗi ce ga motar da za ta riƙa ratsa unguwannin masu hali, domin motar dakon burodi mai farantan ƙarfe a ƙofa tambaya ce da ke yawo a titi. Idan sulke kake so ba tare da surutu ba, duba Ares Roadmaster: sulkenta 18 tun daga kamfani, makin wuyar samunta 8 babu harafi, kuɗinta nuyen 52,000. Tana da nauyi, ba ta da gudu, amma babu wanda zai tambaye ka takardar sulkenta. Bulldog tana da sulke 12 a kan nuyen 35,000, kuma ta fi ta sajewa, domin irinta cike suke da titi suna kai kaya.

Mota a wannan duniya tana bayyana kanta ta hanya uku, kuma dole ukun su faɗi magana ɗaya. Akwai lambar da ke jikinta, wadda ido da kyamara ke gani. Akwai shaidar da take watsawa ta iska, wadda GridGuide, tsarin da ke kula da zirga-zirgar titi, yake karantawa. Akwai kuma kamanninta: ƙira da launi da tabon da ke jikinta. Littafin ya ba da kaya ga kowanne. Lamba mai rikiɗa, nuyen 1,000, tana sauya haruffanta. Guntuwar na'urar sauya shaida, nuyen 500, tana sauya abin da motar ke watsawa. Fentin hawainiya yana sauya yadda jikin motar yake ga mai kallo. Kuɗin biyun farko bai kai na taya huɗu masu kyau ba a lissafin direba, kuma babu motar aiki da ya kamata ta fita babu su.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sauya ɗaya a bar biyu. Lamba ta ce Bulldog fara ta kamfanin gyaran famfo, shaidar iska ta ce Americar ja ta wata tsohuwa a Tacoma. Kwamfuta ce ke gwada waɗannan, ba ta gajiya, ba ta karɓar na goro. Saboda haka kafin aiki sai ɗan kutsen ƙungiya ko dillali ya samo shaidar mota ta gaske mai ƙira ɗaya da taka, a tanadi aƙalla uku: ta zuwa, ta dawowa, da ta gaggawa. Kuskure na biyu shi ne wurin sauyawa. Motar da ta shiga mahaɗa da lamba ɗaya ta fita da wata a gaban kyamara ta ba da kanta ne. A sauya a ƙarƙashin gada, ko cikin ginin ajiye motoci, ko a bakin unguwar da kyamarorinta suka mutu, a kuma ɗan jira minti biyar ko goma kafin a fito don kada lokacin ɓacewar ɗaya ya yi daidai da bayyanar ɗaya. Kada a manta su kansu waɗannan na'urori haramtattu ne. Idan aka kai ga ɗaga murfin inji da kwance lamba, su ma shaida ce a kanka.

Wasu direbobin sukan ce to a kashe watsawar gaba ɗaya mana, a yi tafiyar shiru. Dokar ta yarda, a kan ragin ƴaƴan lido biyu a duk abin da za ka yi a Matrix, wato intanet ɗin duniyar wasan. A Redmond Barrens, unguwar kango da doka ba ta kaiwa a gefen Seattle, wannan daidai ne, kowa ma haka yake yi. A tsakiyar birni kuwa, inda motoci ɗari biyu ke shelar sunansu, mota ɗaya da ido ke gani amma na'ura ba ta gani ita ce abin kallo. Abin da ya kamata ya yi shiru shi ne kayan ciki: magirki, bindiga, na'urar toshe sadarwa. Ita motar ta yi ta watsa ƙaryarta da babbar murya.

Yanzu takardun direba, inda lissafi ya fi daɗi. Lambar SIN ita ce shaidar zama mutum a wannan duniya. Ta bogi tana da mataki 1 zuwa 6, kowane mataki nuyen 2,500, wuyar samunta ninki uku na matakin. Lasisin bogi nuyen 200 ne kowane mataki. Tunda ba a sayen abin da ya wuce 12 a wuyar samu lokacin ƙirƙirar ɗan wasa, mataki 4 ne ƙoli: nuyen 10,000 na SIN, nuyen 800 na kowane lasisi. Idan aka duba takardarka, jagora yana jefa ƴaƴan lido ninki biyu na matakin na'urar bincike. Idan cin bai kai matakin takardarka ba, ka wuce. Idan ya yi daidai, na'ura ta ce akwai abin dubawa, sai a fara yi maka tambayoyi. Idan ya haura, takardar ta ƙone, duk lasisin da ke rataye da ita ya bi ta.

A ɗauki na'ura mai mataki 3, wadda ya dace a ce motar sintiri a unguwa mai kyau tana da ita: ƴaƴan lido shida. Takarda mai mataki 4 tana ƙonewa a kusan kashi 2 cikin 100 na dubawa, tana jawo tambaya a kusan kashi 8. Takarda mai mataki 2 a gaban wannan na'ura tana ƙonewa a kashi 32, tana jawo tambaya a wasu kashi 33. Wato wanda ya yi tsimin nuyen 5,000 ya sayi mataki 2, da ƙyar zai tsallake dubawa uku: yiwuwar ƙonewarsa a cikinsu ta kusa kashi 69. Idan na'urar mataki 2 ce, ƴaƴa huɗu, ba ta da yadda za ta ƙona mataki 4 ko da duka huɗun sun ci. A mataki 4, ƴaƴa takwas, haɗarin ya hau kusan kashi 9. A mataki 6, irin na ƙofar babban kamfani, ƴaƴa goma sha biyu, ya kai kusan kashi 37, kuma a nan ana gwada jini da zanen yatsa, abin da takardar mataki 4 ba ta da shi. Sannan ko kashi 2 ɗin nan yana taruwa: dubawa goma a jere sun kai shi wajen kashi 16. Shi ya sa rage yawan tsayarwa ya fi ƙara kyan takarda muhimmanci, kuma shi ya sa takarda ɗaya ba ta isar direba.

Lasisi kuma kowane abu da nasa. Direba yana buƙatar na tuƙi, na na'urar da aka dasa masa a ka don jonuwa da mota (ita ma R ce, mataki 1 nuyen 43,000, mataki 2 nuyen 97,000), na akwatin da yake sarrafa na'urori marasa matuƙa da shi, da na bindiga. Huɗu ke nan, nuyen 3,200. An fi mantawa da na na'urar ka, kuma ita ce na'urar binciken jiki ke fara gani. Ya kamata lasisan su ba da labari ɗaya: mutumin da takardarsa ta ce mai gyaran famfo ne amma yana da izinin na'urar yaƙi zai sha tambaya. Wanda takardarsa ta ce ma'aikacin ƙaramin kamfanin tsaro ne, da rigar aiki da tambari a ƙofar mota, kayansa sun dace da shi.

A nan akwai dabarar da muke ganin ta fi ɓoyayyen magirki ma sauƙi. GM-Nissan Doberman, ƙaramar na'urar sintiri maras matuƙi, tana zuwa da magirkinta tun daga kamfani, kuma 4R ce a kan nuyen 5,000. Ka ɗora mata AK-97, ka saya wa kowannensu lasisi, ka ajiye ta a bayan Bulldog. Motar kanta babu makami a jikinta, abin da ke ciki kuma yana da takarda. Idan rikici ya tashi, ƙofar baya ta buɗe. Ba za ka yi harbi kana gudun tsere yadda mai magirki a rufi zai yi ba, wannan ita ce asarar, amma ka mayar da matsalar F ta koma matsalar R, kuma wannan ciniki ne mai riba. A kula da harsashi: masu huda sulke F ne, su tafi ma'ajin fasa-ƙwauri, a bar na gama-gari a cikin bindiga.

Motar sata fa? Babban littafi ya ce sauya mallakar na'ura ba bisa ƙa'ida ba yana buƙatar akwatin kayan aikin lantarki da gwajin dogon zango: a tara ci 24, kowace jifa awa ɗaya, kuma idan aka yi tuntuɓe, wato fiye da rabin ƴaƴan lido suka nuna 1, na'urar ta aika wa hukuma rahoto. Abin da mutane ba sa lissafawa shi ne a gwajin dogon zango ana cire ɗan lido ɗaya bayan kowace jifa. Mai ƴaƴa 10 zai jefa 55 gaba ɗaya, matsakaicin cinsa wajen 18, bai kai ba. Mai 12 zai kai da ƙyar, a jifofin ƙarshe inda ƴaƴan suka yi kaɗan kuma tuntuɓe ya fi sauƙi. Mai 14 zai gama a wajen awa bakwai. Don haka idan ƙungiya ba ta da mai 14, ko mataimaka da za su ƙara masa, kada ta fara. A yi aikin dare ɗaya da motar a yar da ita. Idan za a riƙe ta, a bi jikinta da magogin tambarin lantarki, nuyen 450, a kuma san cewa tambarin tsaro ba ya goguwa da shi, sai an nemo shi an ɓanɓare da hannu.

Taswira ita ce kariyar da ba a saya da kuɗi. Babban littafi ya jera unguwanni bisa ƙarfin tsaronsu daga AAA zuwa Z tare da lokacin da rundunar ko-ta-kwana ke ɗauka kafin ta iso. A AAA, irin tsakiyar Seattle, ɗan lido ɗaya na mintoci ne, wato minti 1 zuwa 6. A B ana ninka ɗan lido sau 5, a C sau 10. A E awanni ne, a Z kuwa, Redmond da Puyallup, ƴaƴa biyu na awanni. Motar yaƙi ta gaske, mai bindiga a fili, mazauninta Z da E. A can matsalarta ƴan daba ne da ke son ta, ba ƴan sanda ba, kuma kuɗin da za a ba su na gadi ya kamata ya shiga kasafin wata. Ƙungiyar da ta san aiki tana da mota biyu: mai tsabta da ke shiga gari, da mai datti da ke jira a bakin iyaka. Wurin sauya mota ya zama mai rufi, mai ƙofar shiga daban da ta fita. Jirgin fasa-ƙwauri irin GMC Banshee, 24F a kan nuyen miliyan biyu da rabi, babu fenti ko lamba da za su sa ya wuce a matsayin motar kaya. Hanyarsa daji ce da tsaunuka, kuma labarinsa na kan iyakar ƙasa ne.

Akwai kuma batun hurumi. Tun 2072 Knight Errant, reshen kamfanin Ares, ke riƙe da kwangilar ƴan sandan Seattle bayan kamfanin Lone Star, kuma manyan kamfanoni suna da ikon ƙasa a cikin harabarsu. Ɗan sandan gari ba ya bin ka cikin filin wani kamfani kai tsaye, mai gadin kamfani ma ƙarfinsa ya ragu da zarar ka fita titi. Direba mai wayo yana amfani da wannan tsaga, amma da sharaɗi biyu: kada ka gudu daga Knight Errant ka faɗa filin Ares, kuma ka tuna filin da ka shiga yana da nasa dokar da nasa bindigogin.

To ga inda littafin ya gaza. Ya ba ka kaya, bai ba jagora tsarin tsayarwa ba: yaushe ake tsayar da mota, sau nawa, me ɗan sanda ke dubawa da farko. Dokokin da suka shafi doka suna warwatse a babban littafi, takardu a wani babi, mallaka a babin Matrix, lokacin isowar runduna a babin jagora, kuma Rigger 5.0 bai tattaro su wuri ɗaya ba, alhali shafi biyu sun isa. Bayanin wasu kayan ma gajere ne har ya bar tambaya, misali ko guntuwar sauya shaida tana zuwa da shaidar da aka yi wa rajista ko kuwa sai ka nemo. Wannan sai tebur ya yanke tun kafin a fara, a rubuta.

Ga tsarin da muke ba jagora shawara, wanda ba dokar littafi ba ne. Kada a tsayar da mota babu dalili. Dalilin ya zama abin da ɗan wasa zai iya gani ya gyara: ramin harsashi a ƙofa, gudu fiye da kima, tsohuwar mota a unguwar masu kuɗi da ƙarfe ukun dare, ko sanarwar neman irin motar bayan aikin jiya. Idan an tsayar, a bi mataki uku. Na farko na'ura ce: shaidar mota da SIN na direba, jifa ɗaya. Na biyu ido da baki: ɗan sanda ya zagaya motar ya jefa gwajin lura, mai bakin ƙungiya kuma ya yi magana, domin a nan ne ƙwarewar yaudara da ladabi ke aiki, kuma gara a ce shi ke kujerar gaba, ba ƙaton da ke da ƙarfe a fuska ba. Na uku buɗe mota ne, kuma ba a kai nan sai ɗayan biyun farko ya lalace. A wannan mataki ne ma'ajin fasa-ƙwauri ke biyan kuɗinsa. Cin hanci yana aiki a kan laifin R a unguwar C ko D, inda ɗan sanda ya gaji kuma kuɗin tarar bai dame shi ba. A kan F a unguwar A ƙara laifi ne. Abokin hulɗa a cikin ƴan sanda, ko da ƙaramin ma'aikacin ofis ne, yana iya gaya maka ko lambarka ta shiga jerin nema kafin ka fito, kuma wannan ya fi a kira shi bayan an kama ka. Idan aka zaɓi gudu, a san cewa an ƙona shaidar motar da SIN ɗin da aka nuna a lokaci ɗaya. Harbin ɗan sanda kuwa yana mayar da tarar titi ta zama farautar gari guda, kuma jagora ya kamata ya nuna hakan a zama uku masu zuwa.

Ga kasafin da ke aiki ga sabon direba: Bulldog 35,000, mahaɗin jona direba da mota 1,000, lamba mai rikiɗa 1,000, guntuwar sauya shaida 500, SIN mataki 4 da lasisai huɗu 13,200. Jimla nuyen 50,700. Ƙara SIN na biyu da nasa lasisan, 13,200, sai Doberman da bindigarta da lasisinta, 6,750. Wanda ya ɗauki matakin dukiya na B, nuyen 275,000, zai biya wannan da na'urar ka mai mataki 2 ya kuma rage na akwatin sarrafawa da ma'aji. Idan zai riƙa gyara da kansa, akwatin kayan aiki 500 ne, shago 5,000, cikakken gareji 50,000, kuma manyan gyare-gyaren littafin ba sa yiwuwa da akwati kawai, don haka bakanike amintacce ya shiga jerin abokan hulɗa tun farko. Abin da aka saya bayan an fara wasa yana bin gwajin ciniki da makin wuyar samu: kayan da ke tsakanin nuyen 1,001 da 10,000 kwana biyu ne kafin su iso, na 10,001 zuwa 100,000 mako guda, kuma ƙarin kashi 25 na kuɗi yana sayen ɗan lido ɗaya. Tuntuɓe a wannan gwaji yana nufin maganar ta je kunnen da bai kamata ba, shi ya sa kayan F gara dillali ya nemo su.

Wa ya kamata ya saya? Teburin da ke da direba na gaske, wanda mota ce rayuwarsa, ba shi da zaɓi: ba tare da ɓoyayyen magirki da ɓoyayyen sulke da kayan sauya shaida ba, babban littafi yana barin sa tsakanin motar banza da motar da ba ta fita daga Barrens. Teburin da mota a wajensu abin hawa ce kawai daga nan zuwa can, babban littafi ya ishe su, su kashe kuɗin a kan SIN mai kyau. Jagora kuma ya karanta babin gyare-gyare kafin ɗan wasansa, domin idan ɗan wasa ya riga shi, gardamar farko za ta dawo da sababbin kaya. A kuma duba bugu kafin a biya: wannan na bugu na biyar ne, lissafinsa ba ya hawa bugu na shida da ya fito a 2019, wanda nasa littafin direbobin Double Clutch ne.